Bugun zane da ganyen gida: amsa ga malamar da ke son buɗe aji a Sakkwato

Tambaya: Wata malamar firamare daga Mabera, wadda ta karanci zane-zane a kwalejin ilimi, ta rubuto cewa tana ganin ayyukan masu zane na ƙasashen waje da ke buga siffar ganye da furanni da tsuntsaye a takarda da yadi, suna kuma tara mutane suna koya musu. Tana son yin haka a Sakkwato, amma abu uku sun tsaye mata. Kayan aikin babu su a kasuwa, in an samu kuma ba su sayuwa. Garin namu ba daji ba kore, to me za a zana? Sannan tana tsoron abin da iyaye za su ce game da zanen mai rai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Da ta ƙarshe zan fara, don ita kaɗai ce za ta iya rufe miki aji tun ba ki buɗe shi ba.

A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce masa da yin surori yake ci da iyalinsa. Ibn Abbas ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya ga jikin mutumin ya yi sanyi, sai ya ce masa in har sai ya yi, to ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da ruhi. Malaman Malikiyya kuma sun rarrabe tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shafe a takarda, amma wannan fage na malamai ne, can za ki kai tambayar in ta taso. Abin da ya shafe ki shi ne aikin da kike son koyarwa, wato ganye da 'ya'yan itace da zangarniya da ɓawo, yana cikin abin da aka ba da hanya a fili. Ko tsuntsu kike so, ga gashinsa da ya faɗi, ga sheƙarsa, ga sawunsa a lakar fadama. Ki gayyaci iyaye ranar farko su ga abin da ake yi da idonsu. Mutanen da suka saba da zayyanar allon sauka da aska takwas a wuyan riga da zanen ƙwaryar Fulani, ado a kan shafi ba baƙonsu ba ne.

Zancen cewa ba mu da abin zanawa kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma na san inda ya samo asali. Ki ba yaron aji huɗu fensir ki ce ya zana itace. Zai yi miki doguwar sanda da dunƙulen kore a kai, ya ɗiga jajayen tufa a ciki, alhali bai taɓa ganin itacen tufa ba. A littafin makaranta ya gani. Kullum yana wuce dogon yaro da tsamiya da aduwa a hanyarsa, amma ba wanda ya taɓa ce masa waɗannan ma itatuwan zanawa ne. Mu malamai muka koya masa haka, da muka riƙa zana abu a allon aji muna cewa a kwafa.

Ɗauki gawo. Duk manomi ya san gawo yana kaɗe ganyensa da damina, lokacin da komai ya yi kore, ya kuma tofo da rani sa'ad da sauran suka bushe. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya zana gonar damina ya cika gawo da ganye, to a ɗaki ya zauna ya yi zanensa. Ga giginya da goriba, waɗanda yara ke zanawa iri ɗaya, alhali giginya gangar jiki ɗaya gare ta mai kumburi a tsakiya, goriba kuwa tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Ki gangara fadamar Kwalkwalawa bayan ruwa ya janye ki ga yadda laka ke tsattsagewa, da zangarniyar shinkafa, da kan albasar da aka bari ta yi fure. Hatta duwatsunmu suna da abin cewa. Miliyoyin shekaru da suka wuce teku ce ta rufe wannan yanki, shi ya sa ake samun ɓawon halittun ruwa a cikin farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi, har masana suka raɗa wa wata dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a nan suna Goronyosaurus, saboda Goronyo. In kika ɗora siririyar takarda a kan irin wannan dutse kika goga da gefen fensir, siffar za ta fito sarai.

Bajamushen nan Albrecht Dürer ya zana hoton karkanda don bugun katako a 1515 ba tare da ya taɓa ganinta ba, da kwatance ya yi aiki. Ya sa mata sulke, ya ƙara mata ɗan ƙaho a doro, kuma aka yi fiye da shekara ɗari biyu ana kwafar kuskuren a littattafan Turai saboda zanen ya yi kyau. Ki gwada shi da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ƙadangare da kunama da kifin da ta tsaga a jikin tukwanenta, tare da su ta tashi a ƙasar Gwari. Ita nake so ɗalibanki su bi.

Yanzu kayan aiki, inda zan fi daɗewa.

Bugu mafi sauƙi ba ya buƙatar sassaƙa, ganyen da kansa shi ne hatimin. A cikin ganyayenmu ban ga kamar na kalgo ba. Rabe yake biyu kamar tafin raƙumi, yana da kauri, jijiyoyinsa sun taso daga tsinke sun bazu. Ki tsinko wanda ya ƙosa amma bai bushe ba, ki sa shi cikin tsohon littafi ya kwana ya miƙe. Bayansa ake shafa wa tawada, don a nan jijiyoyin suka fi tasowa. Ki ƙulle ɗan auduga a tsumma mai laushi, ki dangwali tawada, ki fara daddanna ta a kan faranti har ta baje, sannan ki daddanna a ganyen. In kika ga yana ƙyalli, ta yi yawa, baƙin tabo kawai za ki samu. Ki kifa shi a takarda, ki rufa da tsohuwar jarida, ki danna da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, kada ya goce. Ki kama tsinken ki ɗaga a hankali. Sau da yawa bugu na biyu, wanda aka yi ba a ƙara tawada ba, ya fi na farko fitar da ƙananan jijiyoyi. Sabara da gwanda da mangwaro da dogon yaro duk suna yi. Zogale ya yi laushi, manne wa takarda yake. Tumfafiya kuwa kada ki bari yara su taɓa ta, farin ruwanta yana illa ga ido.

Tawadar ma muna da ita tun kafin zuwan boko. Almajiri yana dafa zuge, wato gawayin tawada, da ƙaro ya sami tawadar da ke kama allo. Ita ce tushe, sai dai ta yi ruwa-ruwa ga bugu. Ki niƙa gawayin ya yi laushi ƙwarai, ki tankaɗe da tsumma, ki jiƙa ƙaro ya narke ki tace, sannan ki dafa garin shinkafa ko sitacin rogo ya yi kauri ki haɗa kaɗan-kaɗan har tawadar ta iya tsayawa a bakin cokali ba ta ɗiga ba. Kada wani ya ce miki wannan dabarar talauci ce. Masu bugun katako na Japan, irin waɗanda suka buga zanen Hokusai, da launin ruwa da kunun shinkafa suka yi aiki, kuma ba su da injin matsi, da ɗan faifan hannu suke goga bayan takarda. Ke bayan cokali ko gindin ludayi ya ishe ki.

Babban abokin gabarki iska ce. Da hunturu, ko a watan Afrilu da ma'aunin zafi ke haura 40, tawadar ruwa tana bushewa a kan allon bugu kafin yaro ya juyo da takarda. Maganinsa ɗigo biyu ko uku na gilisirin, wanda mata ke saye a kemis saboda kaushi, ko ɗan zuma. Takardar kuma ki yayyafa mata ruwa tun dare, ki jera ta cikin leda ki danne da littafi, da safe za ki same ta da sanyi ba jiƙe ba, ta fi shan tawada. In kina son baƙi mai ƙarfi da ba ya wankewa, ki je wurin masu buga katin biki da kalanda ki sayi ragowar tawadarsu ta mai a ɗan gwangwani. Kaɗan ke isa, amma tana ɗaukar kwanaki kafin ta bushe. Man gyaɗa da sabulu suna wanke ta daga hannu, ba sai kin kawo fetur ko kananzir inda yara suke ba. A wurinsu kuma za ki sami yankakkun gefen takarda masu kauri da suke zubarwa.

In aka zo sassaƙa, robar laino da kike gani a hotuna, wadda masu bugu ke sassaƙa zane a kanta, ba dole ba ce. Masu sayar da kayan ɗinkin takalmi suna da fallen roba mai laushi da ake yin tafin silifa, tana yankuwa cikin sauƙi, tana ɗaukar tawada. Tsohon silifa ma yana yi in aka goge shi ya daidaita. Sakaina tana yin ƙananan hatimai masu kyau, kuma da ƙwarya mutanen Asante na Gana ke sassaƙa hatiman adinkira da suke buga wa yadi. Ga manya, filawud. Abin sassaƙa kuwa, ki nemo tsohuwar lema. Ƙarafunta masu kwarmi ne, in aka yanka aka wasa baki aka sa ƙota, sun zama abin kwarzane mai fitar da siririn layi. Ki kai wa maƙeri guda ɗaya ki nuna masa abin da kike so, zai yi miki masu faɗi da masu tsini a kuɗin da bai kai na kwalin waje ɗaya ba. Doka biyu ake kafawa kafin a miƙa wa kowa ƙarfe: hannun da ya riƙe allo yana bayan kaifi a kullum, kuma ba a yawo da shi a aji. 'Yan ƙasa da shekara goma, a bar su da ganye da matattun biro, su tsaga zane a kan farantin soso na abinci.

Abu guda da ke kama kowane sabon shiga shi ne juyewa. Abin da ke dama a allo, a hagu zai fito. Ga ganye ba damuwa, amma kowa zai so ya sassaƙa sunansa, da boko ko da ajami. Ya rubuta a siririyar takarda da fensir mai laushi, ya kifa ta a kan robar, ya goga baya da farce. Rubutun zai sauka a juye, sai ya bi shi.

Launi shi ne inda Sakkwato ta fi garuruwa da yawa arziki, kuma ilimin yana hannun majema da dukawa da marina. Fatar jar akuyar nan tamu ta yi suna har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can fatake ke fitar da ita. Da bagaruwa ake jeme ta, a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Sirrin baƙin shi ne abin da za ki fi mora. Bagaruwa cike take da sinadarin tanin, tanin kuwa da ya haɗu da ƙarfe sai ya koma baƙi. Ki wanke farin alawayyo ko akoko sitacin ya fita, ki jiƙa shi a ruwan dafaffiyar bagaruwa, ki shanya. A gefe guda ki zuba tsatsattsun ƙusoshi a ruwan tsamiya su yi mako ɗaya ko biyu. Ki tace ruwan, ki kaurara shi da sitaci, ki shafa wa hatiminki, ki buga a yadin. A gaban idon ɗalibai wurin zai yi ta duhu har ya zama baƙi, kuma wanki ba ya fitar da shi. Wannan ka'ida ce mutanen Mali ke bi a yadinsu na bogolan, inda suke jiƙa saƙi a ruwan ganyen marke su zana da laka mai ƙarfe. Sai dai a yi hattara, ruwan ƙarfe in ya yi ƙarfi yana cin zare da takarda a hankali. A tsarma shi, a kuma ɗauraye yadin sosai bayan ya bushe. Yadin roba ba ya karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai auduga zalla.

Ɓawon albasa, wanda ake sharewa tuli a kasuwa, yana ba da rawaya mai kyau in an fara jiƙa yadin a alif, wannan da ake tace ruwa da shi. Jan ƙasa da farar ƙasa, a niƙa a tace a haɗa da ƙaro, suna daɗewa a takarda fiye da duk wani launin tsiro. Zoɓo kuwa mayaudari ne. Ranar farko ja ne mai ɗaukar ido, bayan makonni ya koma toka-toka. Gangamau ma rana na cinye shi. Ina amfani da zoɓo a aji don abu ɗaya: a ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, a ɗiga masa ruwan kanwa ya koma shuɗi-shuɗi ko kore, yara su yi ta mamaki. Amma kada ki sayar wa mutum aikin da aka yi da shi. Duk launin da kika haɗa, ki shafa a takarda, ki rufe rabi da kwali, ki ajiye a taga mako biyu. In kika buɗe kika ga bambanci, na wasa ne.

Shuɗin da wataƙila ya fi jan hankalinki a hotunan nan, mai farin ganye a tsakiya, sayanotaif ake kiransa. John Herschel ya gano shi a Ingila a 1842, Anna Atkins ta fara buga siffar ciyayin teku da shi a 1843. Sinadarai biyu ake haɗawa a shafa wa takarda a inuwa, a ɗora ganye, a danne da gilashi, a kai rana, a wanke da ruwa. Ranar Sakkwato tana gama shi cikin 'yan mintuna. Sai dai sinadaran sai an yi odarsu, don haka ki bar shi sai ajin ya tsaya da ƙafarsa.

Game da ajin kansa, akwai tarihi a ƙasar nan da ya kamata ki sani. A Oshogbo, taron koyarwar da Georgina Beier ta jagoranta a 1964 ya fitar da Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh, matasan da ba su yi makarantar zane ba. An ba su kaya, an bar su su zana abin da ke kansu. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya yana cikin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a 1958, yana gudanar da taron koyar da zane mai suna Harmattan Workshop a garinsu Agbarha-Otor ta jihar Delta tun 1998, inda farfesa da mai koyo ke zama a tebur ɗaya. Shi wannan bawan Allah, salon bugun da ya fi shahara da shi ya samo asali ne a 1967, da asid ya lalata masa farantin ƙarfe ya cike ramukan da gam. Ki riƙa ba ɗalibai wannan labari duk lokacin da wani ya so yaga aikinsa. Amma ki lura da abu ɗaya. Masu zanen Oshogbo sun sami Turawa da ofisoshin jakadanci masu sayen aikinsu a rataye a bango. Ke ba ki da wannan kasuwa a Sakkwato, kuma in kika gina ajinki a kanta za ki sha wahala. Abin da zai sayu a nan shi ne abin amfani: katin gayyata, jakar rabon kayan biki, rigar filo, bangon littafi, tambarin da mai turaren wuta ko mai kilishi za su buga a ƙunshin kayansu.

Kada ɗalibai su wuce goma ko sha biyu in akwai kaifi a hannu. Da safe ya fi, kafin rana ta ɗaga. Ga yara, Asabar, ko Alhamis da yamma da babu makarantar allo. Ga matan aure, ki nemi dattijuwa a shiyya ta ba ki tsakar gidanta, mazaje sun fi sakin jiki da haka, kuma irin tsarin da 'yan taru na Nana Asma'u suka bi ke nan, ilimi ya je inda mata suke. Sa'ar farko kada a taɓa tawada. Kowa ya zo da ganye ko ɗan itace daga hanyarsa, ya faɗi sunansa, da inda yake fitowa, da abin da ake yi da shi. Za ki sha mamakin abin da tsofaffi suka sani game da sabara da kalgo, kuma macen da ta shigo tana cewa ita ba ta iya zane ba za ta ga ta fi kowa abin faɗa. Ke kuma ki riƙe hannunki. Ki nuna yadda ake yi a kan naki allon, kada ki karɓi na ɗalibi ki gyara masa, in ba haka ba aiki goma sha biyu za su fito duk naki.

Ma'aunin da nake auna aji da shi ɗaya ne: wanda ya zo zai iya maimaita abin a gidansu ranar Lahadi, ba ke, ba kayanki? In amsar a'a ce saboda tawadar daga Legas take, to kallo aka zo yi. Wannan ne dalilin da ya sa na dage a kan zuge da bagaruwa da silifa, ko da kuɗin sayen na waje sun samu daga baya.

Ki karɓi kuɗi, ko kaɗan ne, don abin kyauta ba a zuwa masa a kan lokaci. Ki lissafa kayan da kowa zai ci, da ruwan sha, da lokacinki, ki bar gurbi biyu ga marasa hali ba tare da sanarwa ba. In kin kai ɗalibai wurin majemi ko baduku a Madunka, ko kin gayyato shi aji, ki biya shi kuɗin yininsa, ki gabatar da shi a matsayin malami, ki kuma nemi izininsa kafin a ɗauki hoton aikinsa. Hotunan yara da na mata ma haka, sai da yardar gida, in ba a yarda ba a ɗauki hannu da takarda kawai.

Naki aikin na kanki, wanda za ki sa wa hannu, ki yanke adadin da za ki buga tun farko. In 20 ne, kowane ki rubuta masa lamba da fensir a ƙasa, 1/20, 2/20, har ƙarshe, da suna da shekara, kuma kada ki ƙara ko da an roƙe ki. Ki fara tara ganye a ƙarshen damina, ki matse su a tsofaffin jaridu kina canza jaridar kada su yi fumfuna, ki buɗe ajin farko da kaka, wajen Nuwamba, lokacin da zangarniyar gero da dawa da kwanson bagaruwa suke ko'ina, zafi kuma ya sauka.